Gigin tsufa: Me zai sa dattijon Gombe ya sauya rayuwa don kare ƙwaƙwalwarsa?

Idan wata ya ƙare albashi ya shigo, akwai wata hirar waya da ake yi tsakanin Abuja da Gombe wadda kusan ba ta sauyawa. Ɗa ya fito daga ofis a sakatariyar gwamnatin tarayya, ya tura kuɗin cefane, sannan ya kira gida Jekadafari ko Bolari ko Tudun Wada. Ya gaida Baba, ya tambayi jiki, a ce masa jiki da sauƙi. Kafin ya ajiye wayar sai ya ƙara da nasihar da yake ganin ita ce iyakar kulawa: a rage fita, a bar zuwa gona, a bar wa yara kasuwa, a zauna a huta.

Baba kuwa ya huta. An saya masa kujerar kwanciya da talabijin, an ajiye masa mai Keke Napep da zai kai shi masallacin Juma'a. Bayan shekara uku ko huɗu sai Dada ta fara faɗa wa 'ya'yanta a asirce cewa mahaifinsu yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, ya manta ya ci abinci ya ce an hana shi, ranar nan ma ya tsaya a bakin layi ya rasa ƙofar gidan da ya gina da kansa. Amsar da za ta samu daga dangi ba ta wuce guda ba: tsufa ne, sai haƙuri.

Wannan labari ba na gida ɗaya ba ne, kuma babu mugu a cikinsa. Ɗan da ya ce a huta ƙauna ce ta sa shi faɗa. Sai dai binciken likitoci na shekaru goman da suka wuce ya nuna cewa wani kaso mai yawa na abin da muke kira gigin tsufa ana iya jinkirta shi ko a kauce masa, kuma yawancin hanyoyin kariyar suna cikin irin abubuwan da muke raba iyayenmu da su da sunan hutu. Tambayar da ta rage ita ce wadda likita ba ya iya amsawa shi kaɗai: me zai sa mutum mai shekara 65, wanda ya ga jiya ya ga yau, ya yarda ya sauya cin abincinsa da zamansa saboda cutar da bai fara ji a jikinsa ba?

Mantuwa iri biyu ce

Kowa yana mantuwa. Dattijon da ya ajiye carbi ya rasa inda ya sa shi, ko sunan jika ya kuɓuce masa na ɗan lokaci sannan ya dawo, bai fita daga abin da shekaru ke kawowa ba. Ciwon mantuwa wani abu ne dabam. Lalacewa ce da ke samun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a hankali, har ta kai mutum ya kasa abin da ya saba yi kullum: lissafin canji, bin hanyar gida, gane fuskar maƙwabci, sanin ko safe ne ko yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da shi a shekarar 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma ana samun sabbin masu shi kusan miliyan 10 duk shekara. Cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Wani babban kaso kuma yana zuwa ne daga lalacewar jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, irin wadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke bari a baya.

Ba Bahaushe kaɗai ke ɗaukar abin a matsayin tsufa ba. Rahoton da ƙungiyar Alzheimer ta duniya ta fitar a 2024, bayan jin ra'ayin fiye da mutum dubu 40, ya gano cewa kashi 80 cikin 100 na jama'a suna ganin ciwon mantuwa wani ɓangare ne na tsufa da ba makawa sai ya zo. Ko a cikin ma'aikatan lafiya, kashi 65 cikin 100 haka suka ɗauka. Wanda kuwa ya yarda abu ba makawa ne, ba zai ɓata ƙarfinsa wajen guje masa ba.

A Najeriya an daɗe ana nazarin cutar. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun sannan Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa gwiwa da takwarorinsu na Indianapolis a Amurka domin kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka. Sakamakon farko ya nuna kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, yayin da aka samu kashi 8.24 a Indianapolis. Wannan tazara ta sa masana suka ƙara mayar da hankali kan abinci, motsa jiki, lafiyar jijiyoyin jini da zaman tare, tunda gado kaɗai bai isa ya bayyana ta ba. A Arewa, wani nazari da aka yi a Jos aka wallafa a 2006 ya samu kashi 6.4, wani kuma da likitocin Zariya suka wallafa a 2011 ya samu kashi 2.79. Wani bita na 2019 da ya tattara nazarce-nazarcen ƙasar ya ƙiyasta cewa masu ciwon sun ƙaru daga kusan dubu 64 a 1995 zuwa fiye da dubu 318 a 2015.

Gombe na cikin garuruwan da rayuwa ta sauya musu da sauri. Kafin 1 ga Oktoba, 1996, hedikwatar ƙaramar hukuma ce a tsohuwar Jihar Bauchi, garin 'yan kasuwar hatsi da auduga da ake zagayawa da ƙafa ko keke. Samarin da suka shiga aikin gwamnati a shekarun 1980 da farkon 1990, waɗanda suka kafa ma'aikatun sabuwar jiha, su ne yanzu suka cika shekara 60 ko shekara 35 na aiki suka koma gida. Su ne rukunin farko a garin da suka yi yawancin rayuwarsu a kan kujerar ofis da cikin mota, suna shan shayi mai sukari da lemon kwalba. Tsufansu ba zai yi kama da na iyayensu da suka mutu da fartanya a hannu ba.

Abubuwa 14

Mujallar likitanci ta Lancet ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ta Landan domin tantance abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa waɗanda ɗan Adam ke iya sauyawa. Rahoton farko, na 2017, ya lissafa tara. Na 2020 ya kai su 12. Na 2024 ya kai su 14, ya kuma ƙiyasta cewa da za a kawar da su baki ɗaya, ana iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon a duniya.

Abubuwan su ne ƙarancin karatu a ƙuruciya, raunin ji, yawan mugun kitse a jini, ciwon damuwa, rauni a kai, rashin motsa jiki, ciwon suga, shan taba, hawan jini, ƙiba, yawan shan barasa, kaɗaici, gurɓatacciyar iska, da raunin gani da ba a yi wa magani ba. Mafi nauyi a lissafin kwamitin su ne raunin ji da kitsen jini, kowanne kashi 7, sai ƙarancin karatu da kaɗaici, kowanne kashi 5.

Duk wanda ya san Gombe zai gane fuskokin waɗannan abubuwa. Rauni a kai shi ne faɗuwa daga kan babur babu hular kwano. Gurɓatacciyar iska ita ce hayaƙin icen da tsohuwa ta shekara 40 tana shaƙa a madafi. Raunin gani shi ne yanar idon da aka bari har ta rufe, alhali aikinta ba ya ɗaukar awa guda. Raunin ji shi ne dattijon da ya daina zuwa majalisa saboda ya gaji da cewa a maimaita, matasa na yi masa dariya. Hawan jini kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da shi, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba.

An gwada a ga ko sauya rayuwa na aiki da gaske. A ƙasar Finland, Farfesa Miia Kivipelto ta jagoranci gwajin da ake kira FINGER, inda aka raba mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 gida biyu. Gida ɗaya aka ba su shawarar lafiya ta yau da kullum. Ɗayan aka sa su a tsarin gyaran abinci, motsa jiki, atisayen ƙwaƙwalwa da sa ido kan hawan jini da suga har shekara biyu. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa gida na biyu sun fi na farko ci gaba a gwajin ƙwaƙwalwa da kashi 25 cikin 100. Ba kowane gwaji ne ya yi irin wannan nasara ba: wani da aka yi a Holan kan tsofaffi fiye da 3,500 masu shekara 70 zuwa 78 bai nuna raguwar cutar ba bayan shekara shida, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa a fara da wuri ya fi. Babu kuma likitan da zai yi wa kowa alkawarin tsira. Akwai waɗanda suka kiyaye komai cutar ta same su. Magana ce ta rage haɗari da jinkirta lokaci, kuma jinkirin shekara biyar ga mai shekara 70 ba ƙaramin abu ba ne.

Sani kaɗai ba ya tayar da mutum

Da sani ne ke sauya hali, da babu likitan da ke shan taba. Tun shekarun 1950 masana halayyar ɗan Adam a hukumar lafiyar Amurka suka yi ta mamakin dalilin da ya sa mutane ba sa zuwa gwajin tarin fuka duk da kyauta ne. Suka kammala cewa kafin mutum ya motsa sai ya yarda cutar na iya samunsa shi kansa, ya yarda tana da tsanani, ya ga amfanin abin da aka ce ya yi ya rinjayi wahalarsa, ya kuma samu abin da zai zaburar da shi. Daga baya aka ƙara sharaɗi guda: ya yarda zai iya. A 2014 masu bincike a Ostireliya suka gina ma'aunin tambayoyi a kan wannan fahimta domin auna niyyar manya ta sauya rayuwa saboda ciwon mantuwa.

Idan aka ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan dattijon Herwagana, za a ga inda gizo ke saƙar. Ya yarda cutar na da tsanani, domin ya ga yadda ta mayar da wani sa'ansa. Amma bai ɗauke ta cuta ba, ƙaddarar tsufa ya ɗauke ta, wani lokaci ma sammu ko shafar aljanu. Hawan jini ba ya yi masa zafi, don haka da ya ji sauƙin ciwon kai sai ya ajiye ƙwayar. Wahalar kuma a fili take: miya babu gishiri da dunƙule ba ta shiga, zafin Maris da Afrilu ba ya barin tafiya, kuɗin magani na gogayya da kuɗin makarantar jikoki. Sannan ga girma. Mutumin da ya yi darakta ko babban sakatare ba zai sa gajeren wando ya fita gudu a titin Bauchi yara na kallonsa ba.

Tsoratarwa ba ta cika yin aiki a nan ba. Wanda ya binne iyaye da abokai da dama ba ya firgita da maganar mutuwa, kuma ya fi ɗansa sanin cewa kwana ba ya ƙaruwa. Abin da ke taɓa shi wani ne dabam. Yana tsoron ranar da zai tsaya salla ya rasa raka'a nawa ya yi, ko haddar da ya shekara 50 yana riƙe da ita ta zube. Dattijuwar da ke jagorantar zumuntar mata a cocinta tana tsoron ranar da za ta buɗe baki waƙar da ta koya wa wasu ta ɓace mata. Dukansu suna tsoron zama kaya a wuyan suruka, a riƙa kulle musu ƙofa, a yanke shawarar gida ba a tambaye su ba. A wasu wuraren ma tsohuwar da ta ruɗe tana yawo da dare takan gamu da zargin maita. Musulmi da dama sun saba da addu'ar neman tsari daga mafi ƙasƙancin shekaru, yanayin da Suratun Nahli da Suratul Hajji suka ambata. Ke nan fargabar tana nan tun asali. Abin da ba a yi ba shi ne a haɗa ta da na'urar awon jini, a nuna wa dattijo cewa shan ƙwayarsa kullum na cikin riƙon sababi da addininsa ya umarce shi da shi, kamar yadda ake ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Saboda haka jimlar da ɗa zai faɗa tana da muhimmanci. Cewa Baba ya rage gishiri don likita ya hana umarni ne daga yaro zuwa babba, kuma da wuya ya wuce mako guda. Cewa ana so ya ci gaba da jan jikoki karatu har su sauke, kuma jinin nan ne ke iya hana shi, magana ce da ta ba shi dalili nasa na kansa.

Zumunta a ƙafa take

Darasi na biyu ya fito ne daga Amurka. A watan Yulin 2025 aka wallafa sakamakon gwajin POINTER, wanda aka gina a kan na Finland, da mutum 2,111 masu shekara 60 zuwa 79. Dukansu an gaya musu abin da ya kamata su yi. Bambancin shi ne rukuni ɗaya sun riƙa haɗuwa da 'yan uwansu da mai jagora har sau 38 a cikin shekara biyu, ana bin diddigin abin da kowa ya yi, ɗaya rukunin kuwa sau shida kawai suka haɗu, aka bar kowa da kansa. Duka biyun sun samu ci gaba, amma masu yawan haɗuwa sun fi. Ilimin ɗaya ne, abokan tafiya ne suka kawo ƙarin.

Abin da Amurkawa suka kashe kuɗi suka shirya, Gombe tana da shi kyauta. Akwai majalisar dattawa a gindin kusan kowace bishiyar darbejiya. Akwai sahun Asuba, inda idan mutum ya yi fashi kwana biyu sai an bi shi gida. Akwai makarantun Islamiyya na matan aure da na dattawa, ƙungiyoyin maza da mata na coci, adashe, ƙungiyoyin 'yan fansho da na tsofaffin ɗalibai, da masu buga dara da la'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Dattawa huɗu da suka yi alkawarin zaga unguwa na rabin awa bayan sallar Asuba, kafin rana ta yi zafi, kwana biyar a mako, sun cika mafi ƙarancin adadin ba tare da wani ya sauya tufafi ko ya zubar da girma ba. Wanda ke kusa da filin wasa na Pantami yana da fili. Wanda ba ya kusa, ya zaɓi masallacin da ya fi nisa kaɗan, ko ya mayar da gaisuwar mara lafiya da ta'aziyya a ƙafa. Tafiya ɗaya ta haɗa masa motsa jiki da hira da lada.

Abinci ma haka. Ba a buƙatar man zaitun ko kifin teku kafin a gyara tukunya. Gombe garin wake ne da gero da dawa da gyaɗa, ga zogale da rama da kuka, ga kifi da kayan lambu daga Dadin Kowa, ga nono daga rugage. Kwaɗon zogale da ɗanwake da fura mara sukari abinci ne da dattijo ya tashi da su, ba zai ji an ɗora masa baƙon abu ba. Abin ragewa shi ne gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram biyar a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Daddawa da citta da tafarnuwa na cike gurbin da yawa. Sai dai wannan shawara ba ta Baba ba ce shi kaɗai, domin ba shi ke girki ba. Idan ba a shawo kan mai riƙe da ludayi ba, kuma ba duk gidan ne suka koma cin abu ɗaya ba, kwanon da aka ware masa zai zama kamar horo.

Mata na buƙatar kulawa ta musamman. A duniya sun fi maza yawa a cikin masu ciwon mantuwa, kuma a nan yawancin dattijan mata ba su samu zurfin karatu ba, sun fi shaƙar hayaƙi, sun kuma fi zama a cikin gida. Da zarar surukai sun karɓi girki da shara, Goggo na iya wuni a kan tabarma ɗaya. Ƙaramar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko saƙa ko kiwon awaki, wadda 'ya'ya ke jin kunyar a ce uwarsu na yi, ita ce ke sa ta lissafi da ciniki da hulɗa da mutane. Ɗan da ya rufe mata ita don ya nuna ya isa, ya rage mata abin da kuɗinsa ba zai maye ba.

Inda kuɗin Abuja zai fi amfani

Ba a ce kada a hutar da iyaye daga wahala ba. Akwai bambanci tsakanin ɗauke wa tsoho nauyin neman abinci da ɗauke masa dalilin tashi da safe. Gonar da yake zuwa dubawa, sulhun da ake kiransa ya yi, lissafin shagon da yake riƙewa, duk a bar masa su gwargwadon ƙarfinsa.

Kuɗin da ake turowa kuma akwai inda zai fi tasiri. Na'urar awon jini ta gida, da jika ɗaya da aka koya wa amfani da ita yana rubutawa a littafi, ta fi kwalaben maganin ƙarin ƙwaƙwalwa da ake tallatawa a intanet, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar shan irinsu domin rigakafin wannan cuta ba a jagorarta ta 2019. Maganin hawan jini da na suga a saye shi na wata biyu ko uku kada ya yanke. A kai iyaye awon ido da na kunne. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Ƙwararru na jiha suna nan a cikin gari. Wani gwaji da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa na'urar taimaka wa ji ta rage saurin raunin ƙwaƙwalwa da kusan rabi a tsakanin tsofaffin da ke da haɗari mai yawa, ko da yake ba a ga wannan bambanci a sauran ba. Idan kuma alamun ruɗewa sun riga sun bayyana, a gaggauta ganin likita, domin wasu abubuwan da ke kama da ciwon mantuwa, kamar ciwon damuwa, ƙarancin wasu sinadarai a jiki ko illar wasu magunguna, suna warkewa.

Rabon hukuma

Masu karanta wannan shafi da dama su ne ke rubuta takardun da ministoci da 'yan majalisa ke sa wa hannu, don haka akwai abin da ya shafe su fiye da gidajensu. Dokoki suna nan. Akwai dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017, wadda cibiyarta ta fara aiki a 2021. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, ciki har da tsofaffi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Jihar Gombe na da hukumar taimakekeniyar lafiya ta GoHealth, ta kuma ɗauki manufar samar da cibiyar lafiya mai aiki a kowace ɗaya daga mazaɓunta 114. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012.

Abin da za a iya yi da waɗannan cibiyoyi na mazaɓu an gwada shi a karkarar ƙasar Sin. A ƙauyuka 326, aka horar da ma'aikatan lafiyar ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, su riƙa auna jini, su ba da magani a farashi mai sauƙi, su kuma bi mutane gida. Sakamakon da aka wallafa a 2025, kan mutum kusan dubu 34, ya nuna raguwar ciwon mantuwa da kashi 15 cikin 100 a cikin shekara huɗu. Aiki ne da jami'in lafiya na unguwar Kumbiya-Kumbiya ko Nasarawo zai iya, muddin akwai magani a kanta kuma an ba shi abin hawa. Fadar Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na III, da limamai da fastoci na da muryar da dattawa ke saurara fiye da ta kowace sanarwar ma'aikata. Biyan fansho da garatuti a kan lokaci ma maganar lafiya ce, domin tsohon da ke jiran haƙƙinsa shekara da shekaru shi ne na farko da zai yanke shan magani.

Akwai kuma abin da ya rage ga mai karatu shi kansa. A cikin abubuwa 14 da kwamitin Lancet ya lissafa, goma suna yin ɓarnarsu ne a tsakiyar rayuwa, kuma shawararsa ita ce daga shekara 40 a riƙe awon jini na sama kada ya wuce 130. Ma'aikacin da ke barin Kubwa ko Nyanya tun duhu, ya wuni a kujera, ya ci abincin rana a tsaye, ya dawo gida bayan Isha, ya riga ya shiga shekarun da ake magana a kai. Ƙarshen watan nan idan ya kira Gombe, zai iya tambayar Baba nawa jininsa ya nuna da safe, ya kuma faɗa masa nasa. Dattijo ya fi saurin karɓar abin da ya ga ɗansa na yi a kan abin da ɗansa ya umarce shi da yi.